Kokowa a Damargu: Lokutan Koyo da Abin da Take Ci, Daga Dandalin Gangara Zuwa Takobin Ƙasa

Kokowa ita ce tsohuwar makarantar ƙarfi da dabarar kare kai a ƙasar Damargu, kamar yadda take a sauran garuruwan Hausa na Nijar. A Gangara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yaro yakan san kamu da taɗiya tun bai isa riƙe hauya ba, kuma yakan ci gaba da koyo har ya yi iyali ko ƙarfinsa ya fara ja baya. Wannan makaranta tana da lokutanta, tana kuma da abin da take ci, ko da yake a da ba a rubuta ranakun zuwa a takarda, ba a kuma karɓar kuɗin wata. Zagayen noma ne yake yanke yawan atisaye, rumbu kuma shi ke ɗaukar nauyin ɗan kokowa. Tarihin wasan a wannan yanki ya ta'allaƙa ne ga yadda lokacin koyo da tsadarsa suka riƙa sauyawa tun zamanin ayari har zuwa zamanin Takobin Ƙasa, wato gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya.

Ƙasar da mutanenta

Gangara ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tanut ta jihar Damagaram. Tana kudu maso yamma da garin Tanut, tana kuma gabas da Belbeji, wadda aka ware daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Akwai wata Gangara a jihar Maraɗi, amma ta Damargu ita ce ke bakin iyakar noma, inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta fara. Hausawa da mutanen Dagra, dangin Barebari, su ne akasarin manoman yankin, suna zaune tare da Abzinawa da Fulani makiyaya. Damina gajera ce, daga watan Yuli zuwa Satumba, ruwan da ke sauka kuma kaɗan ne, wata shekara ya wadatar, wata ya yanke tun hatsi bai yi ido ba.

Duk da haka, a ƙarni na 19 Damargu ce rumbun Abzin. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar a watan Janairu na 1851, ya same ta tana ciyar da mutanen duwatsun arewa da hatsinta. Ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Kano yana yada zango a garin Jajiduna na Damargu, manyan Abzinawa kuma suna karɓar rabonsu na hatsi daga ƙauyuka. A irin wannan ƙasa, inda ake huɗa da noma da haƙar rijiya mai zurfi da ƙarfin damtse, saurayi mai ƙarfi dukiya ne ga gidansu da garinsu. Kokowa ita ce hanyar da ake gwada wannan ƙarfi a bainar jama'a ba tare da an zubar da jini ba.

Lokutan koyo a tsarin gargajiya

Koyo yana farawa a wajen kiwo. Yaran da aka tura da awaki sukan sami wuri mai yashi su kama juna, babba ya kayar da ƙarami, ƙarami ya lura da yadda aka yi masa, gobe ya gwada a kan sa'ansa. Wannan mataki ba shi da malami ko rana ta musamman. Kusan kullum ne, muddin yara sun haɗu. A nan ake koyon abubuwan farko: tsayuwa da ƙafafu a buɗe, sunkuyawa don kada a shiga ƙarƙashin mutum, kare ƙafa daga kamu, da iya faɗuwa ba tare da karaya ba. Wanda ya girma a dandali bai tuna ranar da ya fara ba, don haka tsofaffin ƴan kokowa sukan ce sun tashi ne suka ga kansu a ciki.

Mataki na biyu shi ne dandali da dare. Bayan an ci tuwo, samari sukan taru a filin gari, musamman a dararen farin wata, daga wajen goma ga wata zuwa bayan tsakiyarsa. Hasken wata shi ne fitilar fili, saboda haka yawan atisaye yana hawa yana sauka tare da shi: a yi kwanaki ana kokowa a jere, sannan a sassauta idan duhu ya shigo. Akan fara da ƙanana, a bi da matasa, manya su rufe fili. Tsofaffin da suka yi zamaninsu suna zaune a gefe, su raba gardama, su gyara wa yaro kamu, su kuma hana a haɗa shi da wanda ya fi ƙarfinsa nesa. Su ne malaman wannan makaranta, ladansu kuma girmamawa ne da goro da taimakon noma.

A kan wannan zagaye na wata akwai babban zagaye na shekara. Da damina kokowa takan kwanta, domin shuka da noman fari da maimai sun cinye yini, abinci kuma ya yi ƙaranci a gidaje da yawa kafin sabon hatsi ya nuna. Iyaye ma ba sa son a yi wasan da zai iya karya hannun mai noma a daidai lokacin da gona ke bukatarsa. Amma aikin gonar kansa horo ne. Wata uku na jan hauya da ɗaukar dami da jan guga suna gina baya da cinya da damtse fiye da duk wani atisaye da za a tsara.

Da kaka, wajen watan Oktoba, idan an yanke hatsi an ɗaure damuna an kai rumbu, fili yakan buɗe. Wannan ne babban lokacin kokowa, yakan kuma miƙe har cikin dari. A waɗannan watanni saurayin da ke neman suna yakan yi kokowa kusan kowane dare a garinsu, ranakun kasuwa kuma da bukukuwan aure da na naɗin sarauta ya fita gamuwa da baƙi. Da bazara, zafi da ƙarancin ruwa da sharar gona sukan rage wasan har ya kusa tsayawa. Watan azumi ma yakan dakatar da shi, kuma tun da azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, akwai shekarun da yake faɗowa a tsakiyar kaka ya gajarta lokacin kokowa. Idan aka haɗa lissafi, ɗan kokowar gargajiya yana da wata huɗu zuwa biyar na kokowa mai zafi, sauran shekara kuma aiki ne da hutun jiki.

Abin da ake kashewa a da

Rashin kuɗin makaranta bai sa kokowa ta zama kyauta ba. Abu na farko da take ci shi ne abinci. Saurayin da ke kokowa dare da dare yana shan fura da nono fiye da sauran ƴan gida, yana bukatar tuwo mai yawa da wake, da nama idan ya samu. Uwa ko ƴar'uwa ce ke daka wannan hatsi, maigida kuma shi ke buɗe rumbu. Inda ake zaman lafiya da makiyaya, nono da man shanu sukan zo ta hanyar musaya da hatsi. Shi ya sa shekarar da damina ta yi kyau takan fitar da ƴan kokowa da yawa, shekarar fari kuma fili ya yi shiru. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, duk sun watsa samarin karkara zuwa neman abinci, kuma babu gangar da ke tara mutanen da ba su ci ba.

Abu na biyu shi ne kayan fili. Ɗan kokowa yana ɗaura walki na fatar akuya, wanda majemi ya jeme. Bayan walki akwai layu da guru da kambu da ake ɗaurawa a ƙugu da damtse da wuya. Malami ne ke rubuta laya, baduku ya ɗinke ta cikin fata, boka kuma ya ba da saiwa da garin magani na wanka da na sha. Kowannensu yana da hakkinsa. Akan biya da zakara ko akuya, da goro, da damin hatsi, ko da wuri a zamanin da wuri ne kuɗi. Ga ɗan kokowar da ya yi suna, wannan fanni yakan fi kowane tsada, domin yana ganin abokan hamayyarsa ma ba su zauna ba, kuma kowace babbar gamuwa tana bukatar sabon shiri. Tun da daɗewa akwai malaman da ke ƙyamar wannan al'ada, suna ganin ta kauce wa tawakkali, amma ba ta bar fili ba har yau.

Abu na uku shi ne makaɗa. Kokowa ba ta tashi sai da ganga, ɗan kokowa kuma ba ya yin kirari a fili marar kiɗa. Makaɗi ne ke riƙe da taken kowane gwani, shi ke tuna wa jama'a wanda ya kayar da wanda ya gagara. Idan aka yi kaye mai kyau, ƴan kallo sukan yi wa mai nasara kari, wato kyautar da ake ba shi nan take, shi kuma ya fitar da rabon makaɗansa. Wanda ya yi rowa ga makaɗi sunansa ba ya nisa. Ta haka abin da ya shigo ta hannun dama yakan fita ta hannun hagu, ribar da ke saura ga gwani kuwa ita ce suna, da farin jini wajen neman aure, da kunyar da ake ji wa garinsu.

Abu na huɗu nauyi ne na gari gaba ɗaya. Idan za a gayyaci wani ƙauye, sarkin samari yakan aika da goro, a sa rana, sannan a bi gida gida ana tara fura da tuwo na baƙi. Baƙin sukan zo a ƙasa ko a kan jakuna da raƙuma tare da makaɗansu, a ba su masauki, a shayar da dabbobinsu. A Damargu, inda rijiyoyi ke da zurfi, shayar da taron baƙi ba ƙaramin aiki ba ne. Bashi ne kuma da ake ramawa, domin garin da aka karɓa bana shi zai karɓi baƙi baɗi. Daga ƙarshe akwai tsadar rauni. Targaɗe da gocewar kafaɗa da karaya suna kai mutum wurin maɗori, ciwon jiki kuma wurin wanzami a yi ƙaho. Karayar da ta kai damina ba ta warke ba tana nufin gida ya rasa mai noma guda a shekarar.

Zamanin mulkin Faransa

A 1899 rundunar Faransa ta Foureau da Lamy ta ratsa Damargu daga Abzin zuwa Damagaram, cikin ƴan shekaru kuma Faransawa suka kafa ikonsu a yankin. Sauyin da ya fi taɓa rayuwar samari ya zo ne ta fuskar kuɗi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin Sahara ya durƙushe, hanyar da ke kawo wa Damargu masu sayen hatsi da masu haya ta yi rauni. A daidai lokacin aka ɗora lanho, wato haraji, wanda dole a biya shi da kuɗin Bature, ga kuma aikin dole da bai ƙare ba sai a 1946. Samari suka fara tafiya cin rani zuwa Kano da sauran biranen kudu da zarar an gama girbi, wato a cikin watannin da a da na kokowa ne.

Wannan ya matse lokacin wasa zuwa ƴan makonnin da ke tsakanin girbi da tafiya, ya kuma shigar da tsabar kuɗi cikin fili. Kari ya koma sulalla da takardun kuɗi, malami da baduku suka fara yanka farashi. A gefe guda, cin rani ya buɗe wa gwanaye sabuwar hanya: ɗan kokowa yana iya bin kasuwanni da ƙofofin sarakuna daga gari zuwa gari tare da makaɗinsa, ya tara abin biyan lanho da na lefe da ƙarfin jikinsa. Daga nan aka fara samun mutanen da kokowa ta zama musu sana'ar rani, ko da yake da damina sukan koma gona kamar kowa.

Takobin Ƙasa

Babban sauyi ya zo ne bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a ranar 15 ga Afrilu 1974. Gwamnatinsa ta farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, ta kuma ɗauki kokowa a matsayin wasan da zai haɗa kan ƙabilun ƙasar. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi, ya zama sarkin kokowa na farko. Tun daga lokacin gasar tana zagaya manyan biranen jihohi. A tsarin yanzu kowace jiha daga cikin takwas tana kawo ƴan kokowa 10, su zama 80, a yi kimanin kwana 10 ana gwabzawa har a sami wanda ya rage bai faɗi ba. Ana naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi. A shekarun baya-bayan nan kyautar gwamnati ta kai miliyan 10 na CFA har ta wuce, ban da abin da attajirai da kamfanoni ke ƙarawa.

Gasar ta ba kokowa gine-gine da sunaye. Filin kokowa na Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa, gwanin jihar, na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso kuma Salma Ɗan Rani. Gidan rediyon Muryar Sahel da talabijin na Télé Sahel suna watsa wasan kai tsaye, don haka mutumin Gangara da ke zaune gindin rediyo ya san kirarin ɗan kokowar Doso ko na Tawa kamar na maƙwabcinsa. Waƙoƙin Sagalo, mawaƙin kokowa, da barkwancin ƴan cali-cali sun zama sanannu a duk ƙasar. A gasa ta 44, wadda aka yi a Agadas a ƙarshen 2023, Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na shida.

Ga ƙauyukan Damargu, ma'anar wannan tsari ita ce an kafa tsani. Saurayin da ya gagara a dandalin garinsu yana zuwa zaɓen ƙaramar hukuma, daga nan zuwa na gunduma a Tanut ko Belbeji, sannan na jiha a Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Tanut. Wanda ya shiga cikin goman jiha ana killace shi tare da ƴan'uwansa kafin gasa, a ƙarƙashin masu horarwa, a duba lafiyarsa, a ciyar da shi da kuɗin hukuma. Tun da a shekarun nan ana yin gasar ne a ƙarshen Disamba, zaɓuɓɓukan suna faɗowa bayan girbi, wato tsohon lokacin kaka bai gushe ba. Abin da ya sauya shi ne abin da ake bukata kafin kaka ta zo.

Sabon lissafin atisaye da kuɗi

Wanda ke son ya tsaya gaban manyan gwanayen ƙasa ba zai wadatu da wata huɗu ba. A birane an sami ƴan kokowa masu atisaye kusan duk shekara, da gudu da safe da kamu da yamma, mafi yawan ranakun mako, su bar rana ɗaya ko biyu don jiki ya huta. Gab da gasa akan ninka aikin, a yi sau biyu a yini. An kuma shigo da alƙalai masu usur, da iyakar lokacin kowace karawa, da gargaɗi ga mai gudun kamu, abin da ya sa dogon numfashi ya zama dole kamar ƙarfin damtse. Gasar ƙasashen CEDEAO da ake kira TOLAC, da wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓa a Disamban 2005, sun ƙara wani abu da dandali bai sani ba, wato rabon ƴan kokowa bisa nauyin jiki, daga kilo 66 zuwa 120. Ɗan kokowa ya fara hawa sikeli yana lura da abin da yake ci.

Yawan atisaye ya jawo yawan kashewa. Mutumin da ke horo duk shekara yana bukatar nama da madara da shinkafa a kai a kai, kuma lokacin da yake fili lokaci ne da bai je gona ko kasuwa ba. Ga kuɗin mota zuwa wuraren gasa, da na masauki, da na magani a asibiti, da na malamai waɗanda yanzu ake bi har wasu jihohi da ƙetaren iyaka. A kasuwannin Nijar ana lissafi da dala, wato CFA 5, da jaka, wato CFA 1,000, kuma hidimar da a da ake yi da tiyar hatsi yanzu da jakunkuna ake yin ta. Karyewar darajar CFA da rabi a Janairun 1994 ta ƙara tsadar duk abin da ake sayowa daga waje. Nauyin da rumbun gida ba zai iya ɗauka ba ya koma wuyan ubangida: ɗan kasuwa, ko basarake, ko ɗan siyasa, wanda ke ciyar da gwani don sunansa ya fito a bakin makaɗa.

Nan ne bambanci ya bayyana tsakanin ɗan birni da ɗan karkara. Saurayin Gangara yana da ƙarfin gona da gogewar dandali, amma ubangida da mai horarwa da abokan atisaye masu nauyinsa suna Damagaram ko Yamai. Da yawa daga cikin masu baiwa sukan bar gida su koma birni, wasu ma su yi wa wata jiha kokowa. Wasu kuma tafiya ce ke raba su da wasan baki ɗaya, domin cin ranin yau ya kai Libiya da Aljeriya, da wuraren haƙar zinariya na Jado da suka buɗe a 2014. Farmakin fara na 2004 da matsalar abinci ta 2005, waɗanda suka taɓa gundumar Tanut sosai, sun sake nuna cewa kokowar ƙauye tana tashi ne ko ta kwanta bisa abin da ke rumbu. Akwai kuma tsadar da ba a gani nan take: shan ƙwayoyi irin su tramol don ƙarin kuzari, wanda ke lalata lafiyar matasa, hukumomin wasanni da na lafiya kuma suna yaƙi da shi.

A ƙasar Senegal hanyar mayar da kokowa sana'a ta yi nisa fiye da haka. Ƴan kokowar Dakar suna cikin ƙungiyoyin horo masu atisaye kullum, manyansu suna sa hannu a kwangila ta miliyoyi kafin karawa guda, an kuma buɗe musu babban filin ƙasa a Pikine a 2018. A Nijar gwamnati da hukumar kokowa ta ƙasa ne ke riƙe da babbar gasa, akasarin ƴan wasa kuma har yanzu manoma ne ko masu ƙananan sana'o'i.

Dambe da wasannin da suka zo daga waje

Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, yana bin irin wannan zagaye na kaka da kari da makaɗa, amma ya fi ƙarfi a arewacin Najeriya, inda ake da gidajen dambe masu karɓar kuɗin ƙofa. A Nijar bai sami gatan hukuma irin na kokowa ba. Wasannin da suka zo da tsarin aji sosai su ne judo da karate da tekwando da damben zamani. Judo ta samo asali ne daga makarantar Kodokan da Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, kuma daga can ne tsarin ɗamara mai nuna matsayin ɗalibi ya bazu. Nijar ta yi suna a wasu daga cikin waɗannan wasanni: Isaka Dabore ya ci tagulla a damben Olamfik na Munich a 1972, Abdul Razak Isufu Alfaga kuma ya ci azurfa a tekwando a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017.

A waɗannan wasanni ɗalibi yana rajista a kulob, yana zuwa a ranaku sanannu, galibi sau biyu ko uku a mako da yamma bayan an tashi makaranta, yana biyan kuɗin wata, yana sayen farar riga da wando na wasan, yana kuma biyan kuɗin jarrabawar sauya ɗamara. Dalilin wannan ƙa'ida a bayyane yake: sau ɗaya a mako ba ya isa jiki ya riƙe abin da ya koya, kullum kuma yana gajiyar da sabon shiga ya jawo masa rauni. Irin waɗannan kulob suna Yamai da manyan biranen jihohi, a filayen wasa da gidajen matasa. Nisan hanya da kuɗin wata sun sa ba su zama abin yau da kullum ga yaron ƙauyen Damargu ba, sai wanda karatu ko aiki ya kai shi birni.

Halin da ake ciki

Yau tsari uku ne ke tafiya tare a yankin. Akwai kokowar dandali, wadda ke bin wata da kaka, ba ta karɓar kuɗi daga mai koyo, gida da gari ke ɗaukar nauyinta da hatsi da nono da masauki. Akwai kokowar gasa, mai bukatar atisayen mafi yawan ranakun shekara, wadda ubangida da ƙananan hukumomi da gwamnati ke biya wa, sakamakonta kuma yana iya kaiwa doki da takobi da miliyoyi. Akwai kuma ajin birni mai ranaku biyu ko uku a mako da kuɗin wata daga aljihun iyaye. Tun da aka kafa ƙananan hukumomi aka yi zaɓensu na farko a 2004, shirya zaɓen ƴan kokowa na matakin farko da jigilarsu zuwa gunduma ya shiga cikin hidimomin da ake sa ran hukumar gari da sarakuna da ƴan kasuwa za su haɗa hannu a kai. Ƙarfin tawagar jihar Damagaram a kowace shekara ya dogara ne ga yawan yaran da suka sami abinci da lokaci da dattawan da za su koya musu a garuruwa irin Gangara, domin daga can ake ɗebo waɗanda ke hawa sauran matakan.